Ƙaguwa da Masu Hawa Bayanta

Yaran Rawayau da na Kurfi sun san ƙaguwa. Da damina sukan tono ta a bakin rafi, masunta kuma sukan same ta a Dam ɗin Zobe kusa da Dutsin-Ma. In kun duba bayanta za ku gan shi sumul. Amma wanda ya taɓa zuwa kasuwar kifi a Legas ya ga wata irin ƙaguwa ta ruwan gishiri, wadda wani lokaci bayanta yakan cika da ƙananan ƙulluttai farare masu tauri. Ba ƙuraje ba ne. Kowane ɗaya dabba ce mai rai, Turawa suna kiranta banakul. Ba ta zama a ruwan daɗi, shi ya sa tamu ƙaguwar ta huta.

Da can masana suna tsammani dangin katantanwa ce. Sai a shekarar 1830 wani likitan soja mai suna John Vaughan Thompson ya nuna cewa 'yar'uwar ƙaguwa ce da jatan lande. Tana ƙarama takan yi iyo. Bayan haka sai ta nemi wuri mai tauri, ko dutse, ko gindin jirgi, ko bayan ƙaguwa, ta manna kanta da wani irin danƙo, ta gina ɓawo kewaye da jikinta. Daga ranar ba ta ƙara motsawa. Ƙafafunta kawai take miƙowa waje, kamar gashin tsuntsu, tana tace abinci daga ruwa.

Wannan baƙuwa ba ta cin naman ƙaguwa, hawa kurum take yi. In sun yi yawa sukan yi mata nauyi. Amma ƙaguwa tana da mafita, gama takan yi saɓa kamar maciji, ta yar da tsohon ɓawo duk da masu hawansa.

Akwai wata kuwa cikin danginsu, ana ce da ita Sakulina, wadda al'amarinta ya fi ban tsoro. Ita ba ta gina ɓawo. Macen tana ƙarama takan huda jikin ƙaguwa inda ɓawo ya yi laushi, ta shige, ta yi saiwoyi ko'ina cikin jikin, tana shan abinci. Daga baya sai wata jaka ta ɓullo a ƙarƙashin ciki, daidai inda ƙaguwa ke riƙe ƙwanta. Ƙaguwar ba ta ƙara haihuwa, ba ta ƙara saɓa. Sai ta dinga share jakar nan tana tsaronta, sai ka ce nata ƙwan ne. Har namijin ƙaguwa ma haka yake yi, abin mamaki!

Mu nan ba mu da teku, amma irin wannan baƙo yana gonakinmu, wato kauci. Tsuntsu ya ci 'ya'yansa, ya goge baki a reshen ɗorawa ko kaɗanya, irin ya manne don yana da danƙo. Ganyensa kore shar, har wasu suna ganin ado ne. Alhali ya soka saiwa cikin reshen yana shanye ruwan da itace ya jawo da wahala. Reshen yakan kumbura, 'ya'ya su ragu, ƙarshe ya bushe.

Itace kuwa ba ya saɓa, sai mai gona ya taimake shi. Tsinke ganyen kauci don awaki ko don magani ba ya kashe shi, zai sake tohowa. A sare reshen ne gaba ɗaya, a bayan kumburin, ta wajen gindi. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne da rani, sa'ad da itace ya kaɗe ganye, kauci kaɗai ya rage kore a sama.