Sinan, bindiga mai gidan harsashi a baya: ta dace da yaƙin Sudan?

Cikin makaman da Hukumar Ƙera Makamai ta Sojan Sudan ta baje a kasuwannin makamai akwai wata bindiga mai suna Sinan, kwafin QBZ-97 ta China. Turawa na kiran irinta “bulfof”: gidan harsashinta yana bayan kunama, dab da kafaɗa, ba a gaba ba kamar na Kalash.

Amfanin wannan ƙira a fili yake. Steyr AUG ta Ostiriya da M16 ta Amurka tsawon hancinsu ɗaya, santimita 51, amma AUG gaba ɗayanta santimita 79 ce, M16 kuwa kusan mita guda. Wato harsashi na fita da ƙarfinsa, bindigar kuma ba ta harɗe mutum. Wanda ya ga yadda ake cunkusa sojoji a bayan tacar, ko yadda aka yi faɗa gida-gida a Madani kafin soja su ƙwato ta a Janairun 2025, ya san tazarar nan ba wasa ba ce.

Amma ni abin da ke damuna daban ne. Tun da Burhan ya yi kiran istinfari a Yunin 2023, masu ɗaukar bindiga a Jazira da Sinnar da yawansu manoma ne da ɗalibai, har da waɗanda muka koyar a aji, horonsu kuma gajere ne. Bulfof tana son hannun da ya ƙware. Sauya gidan harsashi a ƙarƙashin hammata sai an saba. Kwanson harsashi yana fita ne gefen kunci, saboda haka bahago, ko wanda ya leƙo ta kusurwar hagu ta katanga, a fuska zai sha shi. Ƙarar ma a bakin kunne take.

Sai batun ƙura. Ingila ta sha wuya da SA80 a rairayin yaƙin Gulf na 1991, har sai da kamfanin Heckler & Koch ya sake mata aiki. Gaskiya laifin na ƙerawa ne, ba na siffar ba, amma mai rayuwa cikin habub ba zai manta da labarin ba.

Babbar matsalar dai harsashi ce. QBZ-97 tana cin 5.56 na NATO, Kalash ɗin da ya cika ƙasar nan kuwa 7.62 yake ci. Runduna mai harsashi iri-iri, jigilarsa kaɗai ta ishe ta ciwon kai, balle bayan Da'amu Sari' sun shiga masana'antar Yarmuk a Yunin 2023.

Masu ita ma sun fara juya mata baya. Faransa ta soma maye gurbin FAMAS da HK416 a 2017. China, wadda muka kwafo daga wajenta, ta fito da QBZ-191 a faretin 2019, gidan harsashinta ya koma gaban kunama.