Tafkin Kainji na Buƙatar Masu Ƙirga

A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa da ya ɗauko 'yan kasuwa daga jihar Neja zuwa Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ya nutse a kogin Kwara. Kwanaki bayan haka ana ta musu a kan yawan mutanen da ke cikinsa: wasu su ce 150, wasu su ce sun fi haka. Babu rajistar fasinjoji da za a duba a raba gardama, iyalai kuma suna jiran gawarwakin da hukuma ba ta san adadinsu ba.

Duk da haka, matashin da ya karanta ilimin ƙididdiga a Aliero ko Birnin Kebbi, shawarar da ake ba shi ita ce ya nufi banki a Legas ko ƙungiyar agaji a Abuja, wai sana'arsa ba ta da kasuwa a gida. Wannan kuskure ne mai tsada.

Tarihin tafkin kansa ya isa hujja. A shekarun 1990, aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus kan kamun kifi a Kainji, tare da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, ya ƙirga ƙauyukan masunta, kwale-kwale da komaye, ya kuma auna kifin da ake fitarwa. Alƙaluman ne suka nuna yadda komar dala ke kwashe ƙananan kifaye kafin su girma, har aka kai ga hana ta. Amma tallafin waje yana da ranar ƙarewa, alhali kifi da masunta suna nan.

Haka abin yake a tudu. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka kujerun aji da maganin asibiti a Shanga a kan kintace ake tsara su. Albasar Yawuri na barin kasuwa mota-mota, manomi kuwa bai da tarihin farashin da zai dogara da shi wajen yanke lokacin sayarwa.

Masu cewa babu kuɗin ɗaukar ma'aikata su kwatanta albashin manazarci ɗaya da asarar kasafin da aka gina a kan zato. Ya kamata gwamnatin Kebbi ta samar da guraben dindindin ga masu nazarin alƙaluma a Yawuri, Ngaski da Shanga, ta kuma fara da abu mafi sauƙi: littafin fasinjoji a kowace tashar jirgin ruwa, da ƙwararren da zai riƙa tattara shi kowane mako.