Akasarin Mutanen Da Ke Gidajen Yari Ba A Yanke Musu Hukunci Ba

Duk wanda ya bi alƙaluman da Hukumar Gidajen Yari ta Nijeriya ta yi ta bayarwa a shekarun baya-bayan nan zai ga abu guda da ya ƙi canjawa. Cikin mutane fiye da 70,000 da ke tsare, wajen kashi biyu cikin uku ba ɗaurarru ba ne, jiran shari'a suke yi. Wato dai hukuncin alƙalai ba shi ne ya cika gidajen ba, rashin yanke shi ne.

Asalin matsalar sananne ne. 'Yan sanda kan kai wanda ake tuhuma da kisan kai ko fashi da makami gaban majistare, alhali kotunsa ba ta da ikon jin irin wannan ƙara. Sai ya ba da umarni a ajiye shi har a sami shawarar daraktan gabatar da ƙararraki na jiha. Daga nan fayil yakan kwanta a ma'aikatar shari'a, ko a yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, mutum kuwa yana can ana ƙirga masa damina. Wani ma yakan zarce wa'adin da za a ɗaure shi da a ce an same shi da laifi.

Ba a rasa dokoki ba. Ta 2015 kan tafiyar da shari'ar laifuffuka ta ƙayyade irin wannan tsarewa ga kwana 14 a karon farko, sai kotu ta sabunta. Ta 2019 kuwa, wadda ta mai da sunan gidajen zuwa na gyaran hali, ta tanadi hukuncin da ba ɗauri ba, kamar aikin yi wa jama'a hidima, ta kuma ba shugaban gida ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan wuri ya cika. Aiwatarwa ce ta yi ƙaranci.

A Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da suka kasa biyan tara, bayan an tara Naira miliyan 585. Abin yabo ne, amma waɗannan an riga an yanke musu hukunci. Masu jiran shari'a ba su ciki.

Yawancin waɗanda ke tsare dokokin jihohi ake zarginsu da karyawa, Gwamnatin Tarayya ce kuma ke ciyar da su. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen. A ganinmu, ranar da kuɗin abincin mai jiran shari'a ya fara fita daga baitulmalin jiha, kwamishinonin shari'a za su nemo fayilolin da suka kwanta.