Yaudarar Wuta-wuta da Sinadari: Tsokaci Daga Gonakin Geron Maigatari

Manomin gero a Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, tun kafin ta fito da jan furenta. Ƙwayar irinta kan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma, ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa ke fitarwa, mai suna sitirigolakton. Da ta tsiro sai ta manne wa saiwar, ta riƙa tsotse ruwa da abincin shukar.

A shekarar 2008 masana suka tabbatar cewa wannan sinadari yana kuma tsara yadda shuka ke yin rassa. Saboda haka duk maganin da zai kwaikwaye shi dole ya zama mai zaɓe: ya taɓa makarɓar saƙo ta wuta-wuta, ya ƙyale ta gero. A 2018 masu bincike a Jami'ar Nagoya ta Japan suka sanar da SPL7, wanda ɗan ƙanƙanin ma'auninsa ke tayar da irin wuta-wuta. Idan ta tsiro babu saiwar da za ta kama, sai ta mutu cikin 'yan kwanaki.

Dabarar abin yabo ce, sai dai tana da sharaɗi. Irin ba ya amsa kira sai ya yi kwanaki cikin ƙasa mai laima da ɗumi, kuma dole gonar ta kasance babu gero a lokacin. A arewacin Jigawa kuwa damina gajera ce, manomi na shuka da ruwan farko, wani ma binne yake yi tun ƙasa na bushe. Wanda aka ce ya jira mako biyu zai iya rasa amfanin shekararsa.

Don haka ya kamata Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero su gwada irin wannan magani a jigawar yankin, musamman a shekarar da gona ke ɗauke da gyaɗa ko riɗi, domin kada manomi ya yi asarar damina. Manazarta Hausa kuma su tattaro kalmomin manoma game da lokutan shuka da hutun gona, su samar da keɓaɓɓun kalmomin da malamin gona zai yi bayani da su. Manomin da bai fahimci dalilin zuba magani a gonar da babu gero ba, ba zai kashe kuɗinsa a kai ba.