Tafiya Guangzhou ta wuce saro kaya

Tun 1957 ake gudanar da baje kolin Canton a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, sau biyu a shekara, wajen Afrilu da kuma Oktoba. 'Yan kasuwarmu na Kantin Kwari da Singa sun san hanyar, wasu har Yiwu suke kaiwa. Abin da ke damunmu shi ne yawanci saro kaya kawai ake zuwa yi, a cika kwantena a juyo, ba a ƙulla wata alaƙa da masu masana'anta ba.

Basine ba ya gaggawar amincewa da baƙo. Cin abinci tare da ake gayyatar mutum bayan an tashi daga rumfa, wanda wasu ke ɗauka ɓata lokaci ne, a nan ake auna shi. Katin suna da hannu biyu ake miƙawa, a karɓa a duba kafin a ajiye. Kunyata abokin ciniki a gaban ma'aikatansa kuwa, ko da kai ke da gaskiya, yana iya kashe hulɗar baki ɗaya. Kuma duk wanda bai san masana'antu na rufewa makonni a lokacin sabuwar shekarar Sinawa, a Janairu ko Fabrairu, ba, kayansa za su makara.

Kiyaye waɗannan al'adu ba ya hana a duba samfuri da kyau, a rubuta yarjejeniya, a ziyarci masana'antar da ido, domin dillalai masu kiran kansu masu kamfani suna da yawa.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa wayar da kan matafiya kafin su tashi, su kuma tanadi amintattun tafintoci.