Damargu: a tsare tabkuna da tsuntsaye tun sauran ba su bi sawun jimina ba

Duk wanda ya tashi daga Damagaram ya kama hanyar Agadas, bayan ya wuce matatar mai ta SORAZ wadda aka buɗe a shekara ta 2011, zai ga ƙasa tana sake kama a gabansa. Itatuwa suna raguwa, gonakin hatsi suna faɗi, tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai suna bayyana nan da can, har ya isa Tanut bayan tafiyar kimanin kilomita 150. Wannan ita ce ƙasar Damargu, wadda tun kaka da kakanni aka sani da sunan rumbun hatsi na Azbin. Tun shekara ta 2011 aka raba ta gunduma biyu, Tanut da Belbeji. Idan ana zancenta a ofisoshi, hatsi da dabbobin kiwo da rijiyoyi ake lissafawa. Akwai kuwa wata dukiya da ba ta shiga lissafi, wato namun daji da tsuntsaye da tabkunan da suke rayuwa a kansu, kuma dukiyar nan tana zurarewa shekara da shekara.

Tarihi ya isa shaida a kan yadda irin wannan arziki yake ɓata. A ƙarni na 19, Damargu tana cikin manyan wuraren da ake samun gashin jimina a ƙasashen baƙar fata. Fatake suna tara shi a garuruwa irin su Jajiduna, ayarin raƙuma yana ɗaukarsa ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus, daga can ya shiga kasuwannin Turai. A cikin watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa Damargu tare da ayarin Abzinawa, kuma a nan ne ya rabu da abokan tafiyarsa biyu kafin ya nufi Katsina da Kano. Jiminar wannan yanki ta yi suna ƙwarai, har a tsakanin 1911 da 1912 gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko da tawaga takanas domin ta sayi irinta, ta kwashe fiye da ɗari ta kai can. Yau manoman Afirka ta Kudu suna cin moriyar kiwon jimina, yaron da aka haifa a Gangara ko Tarka kuwa sai dai ya ji labarinta a bakin tsofaffi. Garken ƙarshe mai yawa da ya saura a Nijar yana cikin duwatsun Azbin, shi ma aka ƙarar da shi a lokacin tawayen shekarun 1990. Abin da ya rage shi ne ƴan tsiraru da ake kiwo cikin shinge, kamar waɗanda suke Kelle a gundumar Gure, da fatan wata rana a mayar da su daji.

Mariri ma haka ya tafi. Da can garkensa yana kiwo a makiyayar da ke arewacin Tanut, yana gangarowa kudu da rani, yana komawa arewa da damina. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun raunana shi, bindiga da mota suka ƙarasa aikin. A shekara ta 2000 masana na duniya suka bayyana cewa babu sauran mariri ko ɗaya a daji. Sai a 2016 aka fara mayar da shi cikin ƙasar Cadi daga waɗanda aka adana a gidajen namun daji na ƙetare, da kuɗi masu yawa da wahala mai tsawo. Ɗan'uwansa da ake kira adaks, wanda mafakarsa ta ƙarshe take a gandun Tarmit da Tin Tumma gabas da Damargu, yana bakin rami. An kafa gandun a watan Maris na 2012, amma binciken da aka yi a 2016 guda uku kacal aka gani. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi, sai dai tokar namun daji ba ta da kasuwa ko'ina.

Duk da haka Damargu ba ta zama kango ba. Har yanzu akwai barewa a makiyaya, akwai dila da yanyawa da zomo da zabin daji, akwai tuji a filayen karangiya. Babban abin da ya saura kuwa shi ne tsuntsaye, kuma rayuwarsu ta dogara ga ruwan da yake kwanciya bayan damina. Ƙasar ba ta da gulbi mai gudu. Kwarin Tarka, wanda ya taso daga yankin Tanut ya ratsa Belbeji da Dakwaro da Madawa har ya shiga ƙasar Sakkwato, tsohon gulbi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba a sani ba. Idan aka yi ruwa, kwazazzabai suna zubowa daga tuddai, fadamu su cika, tabkuna su tsaya wata biyu ko uku, waɗansu su kai har cikin ɗari. A bakin tabkunan nan ake ganin dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, a kan bagaruwa da gawo kuma ƙananan tsuntsaye masu yawan gaske.

Ya kamata jama'a su san cewa da yawa daga cikin waɗannan tsuntsaye baƙi ne daga nesa. Idan sanyi ya kama ƙasashen Turai a watan Satumba da Oktoba, miliyoyin tsuntsaye suna tasowa, su ƙetare teku, su ƙetare hamada ba ci ba sha. Ruwan farko da ciyawar farko da suke tararwa bayan wannan doguwar tafiya suna kan layin da Damargu take. Tabkin da makiyayi yake shayar da garkensa shi ne masaukin agwagwar da ta yi ƙwai a Rasha. Shamuwa kuma tafiyarta dabam ce. Tana zuwa daga kudu gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan tsakar gari, ta ƙyanƙyashe ƴaƴanta, da kaka ta yi ta koma gabashi da kudancin Afirka. Tun kafin zuwan ma'aikatan duba yanayi, ganin shamuwa ne yake gaya wa manomi ya gyara kalmi ya fiddo iri, kuma saboda haka al'ada ta hana a taɓa ta.

Amfanin tsuntsayen nan ga talaka yana cikin gonarsa. Damargu tana kan hanyar fara mai fitowa daga Azbin da Tamasna, ga kuma ƙananan fari na gida da suke cin hatsi kowace shekara. Mutanen Tanut ba su manta da farar 1988 ba, balle ta 2004 wadda ta haɗu da ƙarancin ruwa ta jawo yunwar 2005. Shamuwa da balbela da shirwa da farar shamuwar Turai da tuji, dukansu fara ce abincinsu a lokacin da take yawa. Ba za su iya tare babban gungu in ya sauka ba, amma a shekarun da babu annoba su ne suke rage ƙananan fari kullum, ba tare da an biya su ko dala ɗaya ba. Ungulu kuwa ita ce take share mushe a bakin rijiya da mahauta kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta cikin garke. Inda ungulu ta ɓace, karnukan banza ne suke yawa.

Abin da yake cin wannan dukiya sananne ne. Na ɗaya shi ne farauta da mota da babur, inda ake bin barewa da gudu har ta faɗi, a ɗora ƴaƴanta a kai birni a sayar. An kuma sha ganin manyan baƙi masu farautar tuji da shaho suna ratsa makiyayar jahar Damagaram da jerin motoci. Na biyu shi ne guba. Makiyayin da dila ya yi wa ɓarna yakan zuba wa mushe magani, dila ɗaya ya mutu, ungulaye da dama su bi shi. Na uku shi ne cinikin sassan ungulu domin tsubbu. A shekara ta 2013 masana a ƙasar Girka suka ɗaura wa wata ƴar farar ungulu na'urar bin sawu, ta ƙetare teku da hamada lafiya ta sauka a kudancin Nijar, amma a farkon 2014 wani maharbi ya kashe ta domin ya kai kasuwa a Nijeriya. Na huɗu, wanda ya fi sauran girma ko da yake ba ya yin ƙara, shi ne cikewar tabkuna. Idan aka sare itatuwan tudu aka nome bakin kwazazzabo, ruwa yana kwaso yashi ya zuba cikin tabki, tabkin da yake kai wata huɗu ya koma wata ɗaya. A nan hasarar makiyayi da ta tsuntsu ɗaya ce.

Doka kuwa akwai ta. Dokar watan Mayu na 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da yake bayanta ga kiwo. Alkawarin Maraɗi na 1984 ya ɗora wa kowace hukuma nauyin yaƙi da gurgusowar hamada. A 1987 Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta tsare wuraren ruwa, kuma a cikin jahar Damagaram an sa tabkin Lasuri a jerinta a 2005, na Gidimuni a 2019. Doka mai lamba 98-07 ta watan Afrilu na 1998 ta tsara farauta, ta jera namun da aka haramta kashewa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aiki da dokar. Ma'aikatan ruwa da daji ƴan kaɗan ne a kan ƙasa mai faɗi, kuma talaka yana lura idan aka ci mai tarko tara aka bar mai mota ya wuce. Dokar da take kama ƙarami ta saki babba ba ta samun goyon bayan kowa.

Waɗansu suna ganin baƙi masu yawon buɗe ido ne za su biya kuɗin tsaron daji. Gaskiya ne a duniya akwai mutane masu yawa da suke biyan jirgi da masauki da ɗan jagora domin kawai su ga tsuntsu su rubuta sunansa, su koma ba su ɗauki ko gashi ɗaya ba. Misalin Kure a kusa da Yamai ya nuna abin da zai yiwu. A 1996 raƙuman dawa 49 suka saura a can, amma da ƙauyuka suka ga amfaninsu suka tsare su, sai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji, maƙwabcin Belbeji ta yamma, wanda aka kafa tun 1955. Sai dai kuma harin da aka kai a Kure a watan Agusta na 2020, da rashin kwanciyar hankali da ya rage baƙin Agadas tun 2007, sun nuna cewa kasuwar baƙi tana iya tsayawa dare ɗaya. Saboda haka kada a jingina tsaron daji ga zuwan baƙi. A tsare shi domin gona da garke, ranar da hanya ta buɗe baƙo ya tarar da abin kallo. Kafin nan ma akwai baƙin gida: ɗaliban jami'ar Damagaram, da ƴan lakkwal na Tanut da Belbeji, waɗanda da yawansu sun san sunan zaki a littafi amma ba su san sunan tsuntsun da yake bisa gawon gidansu ba.

Aikin da yake gaban magabata a bayyane yake. Ya kamata hukumomin gundumomin biyu su lissafa tabkunansu ɗaya bayan ɗaya, su hana noma da sarar itace a bakinsu, su sa gyaran tuddan da suke zubo musu yashi cikin ayyukan farfaɗo da ƙasa. Itatuwan da ake dasawa ranar 3 ga Agusta a fara kai su can, a kuma ba wani nauyin ba su ruwa. Masu feshin maganin fara su nisanci tabkuna da garuruwan da shamuwa take sheƙa. Sarakunan gargajiya da shugabannin rugage, waɗanda babu motar da take ratsa ƙasarsu ba su sani ba, su riƙa sanar da hukuma, hukuma kuma ta amsa ko da wane ne a cikin motar. Tsofaffin maharba, da suka fi kowa sanin sawu da mashaya, a jawo su cikin aikin tsaro da jagora maimakon a mayar da su abokan gaba.

Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci su ma suna da nasu rabo, kuma ba ya bukatar kuɗi. Littafi ɗaya da alƙalami sun isa. A kowane gari a sami mai rubuta ranar da shamuwa ta sauka da yawan sheƙunanta, ranar da tabki ya cika da ranar da ya ƙafe, irin tsuntsayen da aka gani a bakinsa, da sunayen namun da tsofaffi suka sani a da. Idan aka yi haka shekara goma, gari zai mallaki shaidar da zai ajiye gaban hukuma da masu ba da taimako, kuma zai gane da kansa ko dajinsa yana farfaɗowa ko yana mutuwa.

Kakannin mutanen Damargu sun ga jimina da mariri da idonsu, jikokinsu kuwa labari kaɗai suka gada. Barewa da tuji da ungulu da shamuwa suna nan tukuna. Ko za su kai ga ƴaƴan da ake goyo yau, wannan yana hannun hukuma da sarakuna da talakawa na wannan zamani, kuma tsare abin da yake raye ya fi sauƙi nesa da sayo shi daga ƙetare bayan ya ƙare.