Hoto Shaida Ne, Amma A Riƙe Shi Da Amana

Ina so in yi magana a kan masu ɗaukar hoto a wuraren da ake rikici. Wasu na ganin aikinsu tonon asiri ne da hura wutar gaba. Ni kuwa a nawa ra'ayin, a bar su su ɗauka, amma da sharaɗi. Ga dalilaina.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da aka ji da kunne yakan ƙaru ko ya ragu, gwargwadon bakin da ya faɗe shi. Mu duba abin da ya faru a nan ƙasarmu. A watan Afrilu na 1980, manoman da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya cinye wa gonaki suka tare hanya suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnatin lokacin ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Yau fiye da shekara 40 ke nan ana wannan gardama. Da a ce hoton kowane gida da kowane kabari yana hannun jama'a, wa zai iya musu?

Sai mu kwatanta da Jangebe. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren gwamnati ta garin, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. Duniya ta ga hoton gadajensu babu kowa a kai, ta kuma ga hotonsu a Gusau ranar 2 ga Maris da aka sako su. Babu mai cewa ƙage ne. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar Ƙaya ta ƙasar Maradun. Bayan nan aka rufe layukan waya a jihar. Watakila hukuma tana da dalilinta na tsaro, amma a makonnin nan labarin ƙauyukanmu ya koma "an ce, an ce".

Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. A ƙasar Yukren akwai masu magana da yaren ƙasar, akwai masu yaren Rasha, sun yi auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. A 2014 faɗa ya ɓarke a gabashin ƙasar, a 2022 kuma Rasha ta shigo da yaƙi gadan-gadan. Ranar 9 ga Maris 2022 aka jefa bam a asibitin haihuwa na birnin Mariyupol. Wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar, Evgeniy Maloletka, ya ɗauki hoton wata mai juna biyu ana ɗauke da ita cikin ɓaraguzai. Mahukuntan Rasha suka ce shiri ne, amma hoton ya riga ya zaga duniya, matar kuma ta rasu, ita da abin da ke cikinta. Ba don hoton ba, da maganar mai ƙarfi ce za ta tsaya.

To, masu suka fa, ba su da gaskiya ko kaɗan? Suna da ita. A watan Yuli na 2022 BBC ta fitar da wani fim na gaskiya a kan 'yan bindigar Zamfara, wanda Yusuf Anka ya shiga daji ya haɗa. Gwamnatin Tarayya ta ce an ɗaukaka 'yan ta'adda, hukumar NBC kuma ta ci tarar waɗanda suka nuna shi Naira miliyan 5 kowannensu, haka ma gidan talabijin na Trust saboda nasa fim ɗin. Lalle akwai ciwo mahaifin da aka kashe wa ɗa ya ga mai laifin yana rungume da bindiga yana cika baki. Amma tara ba ta dawo da ko akuya ɗaya ba. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ai ya ɓoye maganinsa.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro shi ne hoton ƙarya. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Barkin Ladi a Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa aikin Fulani ne. Binciken BBC ya nuna cewa wasunsu tsofaffi ne, har da wanda ba a Nijeriya ma aka ɗauke shi ba. Kafin gaskiya ta fito, an tare hanya an kashe matafiya waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Saboda haka sharuɗɗana uku ne. Na farko, kowane hoto ya zo da sunan gari da rana da wanda ya ɗauka. Na biyu, a kiyaye mutuncin mamaci da na yarinyar da aka sako. Kowa yana da dangi masu kunya. Na uku, shi ne mafi girma, kada a ɗauki gefe ɗaya. In an nuna rumbun manomi da 'yan bindiga suka ƙone, a nuna rugar makiyayi da 'yan sa-kai suka tasa. A kuma je kasuwar Mafara ran Talata, a ɗauki Bafulatana tana auna wa Bahaushiya nono, domin wannan ma gaskiya ne, kuma ya girmi rikicin.

Mu ɗalibai, idan an tafi hutu waya takan shigo hannunmu. Kafin ka tura hoto gaba, tambayi kanka: ina ne, yaushe ne, wa ya ɗauka? In babu amsa, bar shi ya mutu a hannunka. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.